Launin Sunan Yaya

"Mayar da shi ruwan toka," in ji Inna, yatsanta a kan sunan Yaya.

Ni na tsara shafin tarihin danginmu a intanet, shi ne a buɗe a gabanmu. Kowane suna mahaɗi ne zuwa shafin mai shi: na rukunin rayayyu kore, na mamata ruwan toka. Inna ba ta karatu, amma ta san launi, ta san gurbin kowa.

Tun da jirgin ruwan su Yaya ya nutse ba a ga gawarsa ba, shi ya sa na bar shi kore. Kawu ya yi magana, na yi kunnen uwar shegu. Gani nake koren nan ne ke riƙe da Inna.

"Inna, ai ba mu tabbatar ba."

"Auta, kin cika taurin kai. Kullum da safe ina bin masu tokar nan ina roƙa musu gafara, in na zo kansa sai in tsallake. Shekara da shekaru kowa na samu, ban da ɗana."

Na sauya rukunin. Sunan ya dushe.

Inna ta ɗaga hannuwa, ta fara da shi.