Motar da Ta Cinye Gonar Miri

Hafizu ma'aikacin gwamnati ne, yana haya a unguwar Ɗan Iya, kuma babu bankin da zai sake ba shi rance. Ya ci bashi a baya, sai da aka yi ta fama kafin ya biya. Adashen ofishinsu ma an cire shi. Duk da haka mota yake so, sabuwa dal, mai leda a kujeru. Ya gaji da abokan aiki suna wuce shi yana jiran keke a bakin titi.

A wani kamfanin sayar da motoci, manaja Sabitu ya saurare shi yana murmushi.

"Yallaɓai, mu ba banki ba ne, ba ma tonon asiri. Ka ba da kafin alƙalami, saura duk wata. Sai dai wanda sunansa ya ɓaci, farashinsa daban ne. Kuma sai da jingina."

"Ba ni da gida."

"Ba ka da ɗan'uwa mai fili?"

Yana da shi. Kawu Bakari, yayan mahaifiyarsa Rabi'atu, yana da gona a ƙauyen Miri. Gari ya matso ta, dillalai sun yi ta zawarci, ya ƙi sayarwa. Da dawar gonar nan ya biya wa Hafizu makaranta bayan rasuwar mahaifinsa.

Hafizu ya san halin gidansu. Kunyar Fulani ba ta barin kawu ya hana ɗan ƙanwarsa abu a gaban mutane. Don haka bai same shi a keɓe ba, inda tsohon zai iya cewa bari ya yi shawara. Ya jira ranar sunan jikan Kawu, zaure cike da baƙi.

"Kawu, aron takardar gona nake so. Ajiya ce kawai, a durowa za su sa ta."

Kawu ya daɗe yana kallon tabarma.

"Ɗan Rabi'atu ne ya roƙa," in ji shi. "Me zan ce?"

Washegari ya je ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba.

Mota ta zo, unguwa ta sa albarka. Sai fetur ya ci rabin albashi, biyan wata ya nemi fiye da sauran. Hafizu ya tsallake wata ɗaya, tara ta hau. Ya tsallake wani. Ya daina ɗaga waya. Wata ranar aiki mutanen kamfani suka zo har ofis, suka karɓi makulli a gaban masinja da kowa.

Ya ɗauka magana ta ƙare ke nan.

"Ina fa!" in ji Sabitu, wannan karon ba murmushi. "Motar da ta hau titi ta zama tsohuwa. Kuɗinta bai rufe bashin ba. Kai ka sa hannu, dattijo ya dangwala."

Aka sayar da gona. Alfarma ɗaya aka yi wa Kawu: ya girbe abin da ya shuka.

Hafizu ya hau acaɓa zuwa Miri. Ya tarar masu awo suna kafa turakun siminti a tsakanin karan dawa. Kawu na gefe, yana ɗaure bakin buhu.

"Sannu da zuwa. Ya iyali?"

"Kawu, don Allah ka zage ni."

"In na zage ka, turakun nan za su tashi?"

Ya nuna buhun da ƙafa. Duk kaka yakan aika wa Hafizu buhu guda, bana ma bai fasa ba.

"Kai wa Ni'ima. Ka gaya mata ta riƙa lallaɓawa. Baɗi sai ku saya a kasuwa."

Matarsa Ni'ima ta tuƙa tuwon dawar a ranar. Hafizu ya yanki loma, ya riƙe ta har ta huce, ya mayar cikin kwano.

Mai karatu, in banki ya ƙi ka, wanda ya karɓe ka da fara'a ba don Allah ya yi ba, ya hango abin da zai ƙwace. Motar da aljihunka bai kai ba, haƙura da ita. Kada kuma ka jinginar da abin wanda kunya ta hana shi ce maka a'a.