Furen Bishiyar Tasha

An ce bishiyar da direban nan ya dasa a bakin tasha, kafin ya ɓace shi da motarsa, ta yi fure bayan ta daɗe babu ko ganye. Masu faɗa suka ce alama ce: yana raye, zai dawo.

Malama ta yi tsaki. Rabin rayuwarta ta yi tana koyar da ilimin tsirrai, ba ta taɓa jin inda itace ya yi duba ba. Ta ɗauki gilashinta na ƙara girma, ta dogara sanda har tasha.

"Malama, yau mu za a yi wa jarrabawa ko bishiyar?" in ji wani tsohon bakanike, yana matsa mata.

Ta durƙusa da ƙyar. Ga su nan jere a jikin ɓawon, 'yan ƙoƙuna ruwan ɗorawa, ƙwayar shinkafa ma ta fi su. Babu ƙamshi, sai siririn gashi a bakin kowanne. Ta kankare ɓawon da farce. Ciki ya bushe ƙayau, ko ɗigon kore babu.

"To, me ilimin ya ce? Zai dawo?"

Ta daɗe tana goge gilashin da bakin mayafinta.

"Fure ne," ta ce. "Ku ba ni ruwa in zuba mata."

Funfuna ce, irin wadda ba ta fitowa sai a jikin mataccen itace. Direban kuwa autanta ne.