Saƙon da Ba Mai Karantawa

Manhajar sakamakon jarrabawa ta koma tafiyar hawainiya, shugaban kwalejin kuwa ya fara neman wanda zai huce a kansa. Auta ne sabon shiga a ofishin kwamfuta, ga mata da tsohon ciki a gida, don haka shi gumi ya fi keto wa.

Kawunsa, babban injiniyan ofishin, wanda ya samo masa aikin, ya jawo kujera kusa da shi. Kawu ba ya manta alheri. Har yau yana yi wa Auta godiyar kwasar 'yar Kawun, ɗalibar kwalejin, zuwa asibiti da safiyar jarrabawar ƙarshe, inda ta yi ta jinya har aka tashi daga jarrabawar.

"Duba nan, ɗana. Duk abin da aka taɓa, sai manhajar ta tsaya harhaɗa dogon saƙo: wa ya shiga, me ya canza. Ta jibge a rumbun da ba mai leƙawa. Girki take ta yi ba mai ci. Sa ta fara tambaya ko ana son saƙon, in ba a so ta wuce abinta."

Da yatsa ya riƙa nuna masa layukan da zai kashe. Auta ya ce a sa sunayensu su biyu a kan gyaran.

"Ni na ci zamanina. Sa naka kaɗai."

Manhaja ta koma kamar walƙiya. Shugaba ya yaba wa Auta a gaban kowa. Auta ya koma gida yana gaya wa matarsa cewa irin Kawu sai an tona.

Bayan an raba takardun shaida, wani malami ya ga ɗalibin da ya kayar da hannunsa ya fita da sakamako mai kyau. Aka bincika, ashe an taɓa makin ɗalibai barkatai. Aka buɗe rumbun saƙonni don ganin mai hannu a ciki, wayam! Abu ɗaya aka samu, sunan wanda ya rufe wa manhajar baki.

Nan take aka kori Auta, ko kofin shayinsa ba a bar shi ya ɗauka ba.

Ya wuce gidan Kawu zuciyarsa kamar ta fashe. Kawu ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Ƙaddara ce, ɗana. Haƙuri."

Auta ya ɗaga kai don kada hawayen su zubo. A bangon falon an rataye sabon firam: takardar shaidar 'yar Kawu, da sakamako mafi daraja, a jarrabawar da ko zaurenta ba ta shiga ba.