Dabinon Fatiha

Na ɗaga dabinon sa'ad da maza suka shigo gaisuwa, ranar sadakar arba'in ta mijina Basharu a Dangoma.

Ɗiyata Fatiha ba ta magana, sai dai ta maimaita abin da ta ji. Wata malamar jami'a mai bincike kan galahanga, lalurar da ke damunta, ce ta koya mini dabara: duk kalmar da ta maimaita, in ba ta dabino.

Zayyanu, ƙanin Basharu, shi ya dawo da Fatiha daga gulbi ranar da suka tafi su uku, ya ce kwalekwale ya kife da yayansa. Tun ranar yake kiranta mahaukaciya, yana cewa a sa mata mari a ƙafa. Na rantse sai na kunyata shi, na yi ta koya mata "Allah ya jiƙan Baba."

"To, mahaukaciya, hwaɗi mu ji," in ji Zayyanu a gaban masu gaisuwar, yana dariya.

Fatiha ta dubi dabinon. Ta buɗe baki da muryar ubanta: "Zayyanu, mi niy yi maka? Sakam mini wuya."

Ba ni na koya mata wannan ba. Amma na ba ta dabinon, na ɗaga wani.