Mai Gadin Agogo

"Tir da wannan aiki," in ji mai aski, yana kutsa inji cikin gemun wani dattijo ba tare da ya ko dubi fuskarsa ba. "Shekara da shekaru muna jiran a dawo da shirin agogon nan mai mai da mutum zamanin da, jiya suka zubo mana shara."

Masu jiran layi suka gyaɗa kai.

"Ba abin da ya ƙona min rai kamar tsohon da suka sa gadin agogon. Baki ba haƙori, murya kamar tsohuwar ƙofa. Ina laifin su nemo gwarzonmu na da?" Ya nuna hoton da ya daɗe da liƙawa a jikin madubi, na wani saurayi mai tabo a haɓa.

Gemun ya gama zuba. Mai aski ya ɗauko buroshi zai kaɗe haɓar, sai hannunsa ya tsaya cak. Ga tabon nan, sak.

Dattijon ya dubi hoton, ya dubi kansa a madubi.

"Ai sun nemo shi, ɗana. Agogon ne ba ya aiki in an kashe kyamara."