Kyamarar da Ba Ta Ƙara

"Wace ta cikinsu ba ta ƙara in an ɗauki hoto?"

Bahijja na bayan ƙofar zaure da tiren shayi a hannu ta ji mijinta Muntari ya yi wannan tambaya. Baƙon nasa Sodangi ne, mai shagon kyamarori a Tudun Wada, ya zo da guda biyu a jaka.

"Duk sababbin yayi ne, marasa madubi ciki, na masu koyo," in ji Sodangi. "Wagga allonta na juyowa, ka ɗauki kanka kana kallon kanka, amma tana ɗan cewa ƙyas. Waccan ba ta da kwalliya, sai dai shiru gare ta, kuma da kanta take neman idon mutum. To kai mahauci, mi ya haɗa ka da kyamara? Raguna za ka ɗauka?"

Muntari bai yi dariya ba.

Bahijja ta aje tiren ta koma ciki a hankali. Ita ta san dalili, ko ba a faɗa mata ba.

Watan jiya suka je asibiti su uku: Inna, mahaifiyar Muntari, da tarinta da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ita Bahijja da 'yar kasala da jiri da take fama da su tun yayen 'yarta Khaula. Da sakamakon gwaji ya fito, likita ya ce mata su jira a waje, ya riƙe Muntari a ciki. Ya fito ido jawur, ya miƙa wa kowacce ledar maganinta, ya ce ba komai, hutu ne kawai. Tun ranar kullum sai ya dawo da hanta mai ɗumi daga teburinsa na unguwar Gawon Nama, ya tsaya sai ya ga an ci.

Ga shi Inna ba ta da hoto ko ɗaya a gidan. Da an ɗaga waya take juya baya, ta ce ita ba a yi ta don bango ba. Bahijja ba ta ga laifinta ba, don ita ma hakan take. Ko hoton bikinta, mayafi ne da tsinin hanci, sai hannu mai lalle.

Da rana Muntari ya shigo da kyamarorin biyu ya ɗora kan tabarma.

"Zaɓar mini."

Ta nuna mai shirun da yatsa, ba ta ɗago kai ba. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Don Inna ne ko?"

Ya daɗe yana juya murfin gilashin a hannu. "Ki dai riƙa zama kusa da ita," ya ce.

Abin ya tsaya mata a rai. Ha'intar tsohuwa ce, tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Amma in Inna ta tafi, me za a nuna wa Khaula a ce ga kakarki? Sai ta amince.

Aikin ya zo da sauƙin da ba ta zata ba. Inna da kanta ta fara kiranta da hantsi, gindin dalbejiya inda haske ke sauka.

"Taho nan, ɗiyata, aje tsintsiyar nan. Wanga ɗauri naki awa na mai zuwa niƙa!"

Ta warware mata ɗankwali ta sake ɗaurawa, ta zizara mata kwalli, ta ƙara wa zanenta kewaye don ya fara yi mata yawa. Ta ɗora mata Khaula a cinya, ta shiga ba ta labarin yadda Muntari ya gudu daga akuya yana yaro, har Bahijja ta yi dariya ta manta ba ta rufe baki ba. Muntari kuwa yana bakin ɗaki, kyamara a kan gwiwa, kamar mai gyaran wani abu. Ko ƙyas ba ta ji ba.

Haka aka yi ta yi. Tarin Inna ma ya ja baya, ta koma surfe da kanta, ta hana Bahijja taɓa taɓarya. Bahijja ta ce a ranta ƙarfin hali ne irin na tsofaffi.

Wata safiya Muntari ya tafi mayanka ya bar kyamarar kan gado. Turancin jikinta ya fi ƙarfin karatun Bahijja, amma ta lura da maɓallin da babban yatsansa ke dannawa, mai 'yar kibiya. So take ta ga ko Inna ta fito da kyau.

Ta danna. Ga ita Bahijja tana dariya, Khaula a cinya. Ta sake dannawa. Ga ta tana tsince shinkafa. Ga ta tana gyangyaɗi jikin bango, ƙasusuwan wuyanta a waje. Ta wuce, ta wuce, har ƙarshe. Inna ba ta fito ko sau ɗaya ba, sai gefen hannunta yana gyara ɗankwali.

Ta mayar da kyamarar daidai yadda ta same ta. Ta buɗe akwati ta ciro atamfar da take ajiya don Sallah, ta ɗaura, ta ɗauki Khaula, ta fita gindin dalbejiya tun Inna ba ta kira ba. Yau in ya dawo za ta ɗago fuska sosai, yarinya ta samu abin kallo. Ba kuma wanda za ta gaya wa ta gane cewa ba Inna ce mai tafiya ba.