Takardar da Ya Dangwala wa Yatsa

"Baba, ai kai ka ƙi maganin," in ji majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Tanout, yana duba takardar da tsohon ya ciro daga aljihu.

"Ni? Ce mini aka yi babu magani."

Majo ya karanta a hankali, yana juya Faransancin zuwa Hausa. Wata takwas da suka wuce, lokotoro, wato likita, a Yamai ya ga ciwon daji a mafitsarar tsohon, tun ciwon yana ƙarami. Ya ba da shawarar wani magani da ake haɗawa da sinadarin jikin ƙwayoyin cuta. Ba ya sa cuta. Garkuwar jiki yake tayarwa, ta far wa ciwon. Mako shida za a yi.

"Ga inda aka rubuta ka ƙi, ga yatsanka. Wa ya yi maka tafinta?"

Tsohon ya juya ya dubi babban ɗansa da ke tsaye bakin ƙofa.

"Baba, mikrob fa lokotoron ya ce, ƙwayar cuta," in ji ɗan. "Da bakina zan yarda a ɗura maka cuta?"

"Yanzu fa?" tsohon ya tambayi majo.

Majo ya girgiza kai, ya ninke takardar, ya mayar masa da ita.

Tsohon ya miƙe, ya ƙi hannun da ɗan ya miƙo masa. Cikin 'ya'yansa tara, wannan kaɗai ya cire daga gonar gero ya sa lakwal, makarantar boko, don wata rana ya zame masa kunne.